Bel Ɗin Tsohuwar A-kori-kura

 Duk mai tsohuwar Hilux ya san halin bel ɗin kujerarta: ka cire shi, maimakon ya koma raminsa sai ya zube, ƙofa ta datse shi. Daga nan direba ya daina ɗaurawa, sai in ya hango jami'an kiyaye haɗura.

Galibi ba injin naɗe bel ɗin ne ya lalace ba, datti ne. Gumi da maiƙo da ƙurar hunturu suna shiga zaren bel ɗin har ya yi tauri. A zoben da yake ratsawa saman kafaɗa kuma, baƙar dauɗa ke daskarewa, sifirin ɗin ciki ya kasa janye shi.

Ka zaro shi duka, ka maƙale gindinsa don kada ya koma. Tsoma shi cikin bokitin ruwan ɗumi da sabulu mara kaifi, ka goge da burushi mai laushi. Za ka ga ruwan ya koma kamar na kwata. Kada ka sa bilic ko fetur, suna cinye ƙarfin zare. Ka kankare zoben, ka bari bel ya bushe sarai kafin ka sake shi.

Akwatin sifirin kuwa, kada ka buɗe. In sifirin ya warware da wuya ya naɗu. Bel ɗin da ya fara tsagewa, ko aka yi haɗari da shi, a canza shi kawai.