Sauri da Saiti: Matsayin Kayan Horo a Wasan Golf

Jawabin da aka gabatar a taron ɗaliban ƙasar Gwarzo da Kabo a garin Madadi



An umurce ni in yi magana a kan wasan golf, musamman kayayyakin da ake horo da su domin ƙara saurin bugu da daidaita saiti. Na san wani zai ce, ina ruwan biri da gada? Me ya haɗa ɗan Madadi da wasan manyan ma'aikata da attajirai? Ina roƙo a yi mini haƙuri har in kai ƙarshe, domin abin da nake so in tabbatar shi ne, amfanin kayan horo ba ya cikin tsadarsu, yana cikin gaskiyar da suke faɗa wa mai amfani da su.

Da farko ya kamata mu san wasan kansa. Ƙwallon golf bai wuce giram 46 ba, ana kuwa bugunsa da sanda mai kai har ya faɗa rami mai faɗin milimita 108. Ramuka 18 ake zagayawa, wanda ya gama da mafi ƙarancin bugu shi ne gwani. A ƙasar Sikotlan wasan ya girma, a can aka rubuta dokokinsa na farko cikin 1744. Turawan mulki suka kawo shi ƙasarmu, suka buɗe filaye a Kano da Kaduna da Jos da Ikko. Saboda ƙarancin ruwa, an daɗe a filayen Arewa ana shimfiɗa rairayi da aka cuɗa da mai kewaye da ramin a maimakon ciyawa. Watau tun asali, wasan ya saba da yin amfani da abin da ƙasa ta bayar.

To, ina sauri yake fitowa? Kan sandar ƙwararren ɗan wasa yana gudun kimanin kilomita 180 a sa'a lokacin da ya haɗu da ƙwallo, na mai wasan sha'awa kuwa wajen 150. Duk kilomita 1 da aka ƙara kan sa ƙwallo ya ƙara tafiyar fiye da mita 1. Wannan gudu ba daga damtse kawai yake fitowa ba. Ƙafa ce take danna ƙasa, ƙugu ya juya, ƙirji ya bi, hannu ya biyo baya, sa'an nan kan sanda ya zo daga ƙarshe da gudun da ya fi na kowa. Wanda ya taɓa kaɗa bulala ko majajjawa, ko ya ga yadda ake bugun shinkafa a masussuka, ya riga ya san wannan tsari, ko da bai san sunansa a ilmin kimiyya ba.

Masu sayar da kayan horo sun gina kasuwarsu a kan wannan. Kamfanin SuperSpeed na Amurka yana sayar da sanduna 3, biyu sun fi sandar wasa rashin nauyi, ɗaya ta ɗan fi ta nauyi. Hikimar ita ce, idan jiki ya saba da kaɗa abu maras nauyi da matuƙar sauri, jijiyoyi sukan riƙe wani kaso na saurin sa'ad da aka koma ga sandar gaske. Matt Fitzpatrick na Ingila ya yi irin wannan horo da sanda mai canjin nauyi kafin ya ci babbar gasar Amurka cikin 2022. Akwai kuma na'urar TrackMan da aka ƙirƙiro a Denmark cikin 2003, wadda take auna gudun sanda da na ƙwallo da kusurwar tashinsa. Kuɗinta ya fi ƙarfin kowace ƙungiyar ɗalibai.

Sai dai sauri ba tare da saiti ba asara ce. Haɗuwar sanda da ƙwallo ba ta wuce kashi 1 cikin 2,000 na sakan, kuma inda fuskar sanda ta duba a wannan ɗan lokaci shi ne mafi rinjaye wajen nuna wa ƙwallo hanya. Ɗaliban lissafi da ke nan za su iya gwadawa: karkatar digiri 1 a tafiyar mita 200 takan kauce da ƙwallo mita 3 da rabi, ta digiri 5 kuwa fiye da mita 17. Ashe ke nan wanda ya ƙara ƙarfi bai gyara fuskar sandarsa ba, ƙara nisan ɓatansa kawai ya yi. Shi ya sa malaman wasan suke fara koyar da riƙo da tsayuwa kafin su yi zancen gudu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Yanzu mu tambayi kanmu, mene ne aikin kayan horo? Aikinsu guda ne. Mutum ba ya ganin kansa yana bugu, abin da yake ji ya yi kuwa sau da yawa ba shi ne abin da ya yi ba. Kayan horo su ne shaidun da ba su jin kunyarsa. Idan haka ne, akwai irin waɗannan shaidu a kowane gida a Madadi. Karan dawa 2 da aka ajiye a ƙasa a jere, ɗaya a bakin yatsun ƙafa, ɗaya daura da ƙwallo, suna nuna ko tsayuwa ta fuskanci inda ake nufi. Allin makaranta da aka goga a fuskar sanda yana nuna daidai wurin da ƙwallo ya taɓa, ko tsakiya ko gefe. Tawul da aka maƙale a hammata yakan faɗi da zarar hannu ya rabu da jiki. Buhun da aka cika da tsummoki yana koya wa wuyan hannu tsayawa ƙyam lokacin karo. Inuwar mutum da hantsi tana nuna ko kansa yana yawo. Gora maras nauyi tana yin aikin sandar sauri, ƙotar fartanya ta yi aikin mai nauyi. Wayar hannu kuwa tana ɗaukar hoton bugu a sake kallonsa sannu a hankali.

Kada a ɗauka wannan dabarar talauci ce kawai. Harvey Penick, shahararren malamin golf na jihar Texas, ya yaba wa abin yankan ciyawa mai doguwar ƙota a littafinsa na 1992, ya sa shi cikin mafi amfanin kayan horo. Seve Ballesteros na ƙasar Sifen ɗan manomi ne, ya fara da ɗaukar wa mutane jakar sanduna, ya koyi bugu da sanda guda a rairayin bakin teku, ya ci babbar gasar Ingila cikin 1979 yana da shekara 22. Vijay Singh na tsibirin Fiji, wanda ya yi suna wajen daɗewa a filin horo, ya ci gasar Nijeriya a Ikoyi cikin 1988 da 1989, ya kuma zama na ɗaya a duniya cikin 2004. Har ila yau, dokar wasan ta hana amfani da kayan horo a cikin gasa. Ranar gwaji, mutum da abin da ya shiga jikinsa ne kaɗai. Kayan aro ba ya rufe katara.

Saboda haka ina da shawara 3. Ta farko ga masu son koyo: a ɗumama jiki kafin a fara, a yi horon sauri kwana 3 a mako tare da hutu a tsakani, domin gadon baya ba ya yafe ganganci, a kuma nisanta yara daga inda ake kaɗa sanda. Ta biyu, a riƙa rubuta sakamako a littafi, ana auna nisa da taku, ana ƙirga bugu nawa cikin 10 suka faɗa inda aka nufa. Horon da ba a auna shi ba wasa ne kawai. Ta uku ga shugabannin ƙungiyarmu: idan an sami kuɗin wasanni, kada a zuba su ga na'ura guda da za a kulle a ofis. A sayi tsofaffin sanduna da ƙwallaye, a nemi fili da rani bayan an kawar da amfanin gona, a gayyato ɗaya daga cikin samarin da suka ƙware a filin Kano ta hanyar ɗaukar jaka, a biya shi haƙƙinsa ya koya wa ƙannenmu. Tun 2016 golf ya koma cikin wasannin Olamfik, ƙofar a buɗe take ga kowace ƙasa, ba a kuwa fafe gora ranar tafiya.

 Allah ya ba mu sa'a a karatunmu da wasanninmu.