JAWABI KAN KIRCIN YARA DA SHAFA MAI A LOKACIN HUNTURU





Duk wanda ya zauna a Gombe ya san yadda hunturu ke yi mana daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A Jekadafari ko Pantami ko Bolari, da wuya a rasa gidan da yaro ba ya kwana yana susa har jini ya fito, uwa kuma ba barci. Wannan kirci ba ƙazanta ke kawo shi ba, kuma ba a ɗaukarsa. Fatar yaron ce ba ta iya riƙe danshi, sai ta bushe ta tsattsage. Sau da yawa yakan bi gidan da ake da asma. Don haka a daina hana su wasa da 'yan'uwansu.

To, me za mu yi? A yi wa yaro wanka da ruwa mai ɗumi-ɗumi, ba mai zafi ba, minti 5 zuwa 10. A bar soso da sabulu mai ƙamshi. A dangwale jiki da tawul, kafin ya bushe sarai a shafa mai, aƙalla sau 2 a rana, ko da ƙurajen sun kwanta. Basilin marar turare ko man kaɗanya mai tsabta sun wadatar. A riƙa ɗiba da cokali, kada a tsoma yatsa. A yanke masa farce, a sa masa kayan auduga.

Abu biyu muke roƙo. Na farko, tufafin da suka sha mai suna saurin kama wuta, kada a bar yaro ya matsa kusa da murhu wajen jin ɗumi. Na biyu, iyayenmu mata, don Allah kada a shafa wa yaro man bilicin ko maganin shafawa na kemis ba da izinin likita ba, domin wasunsu na sa fata ta yi siriri.

In wurin ya fara ruwa, ko mugunya, ko zazzaɓi ya shigo, mai ya gama aikinsa. Sai a garzaya Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Tarayya.

Yara da dama sukan samu sauƙi in sun girma, sai dai haƙuri. Allah Ya raya mana su, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.