Jawabi Ga 'Yan Arewa Mazauna Ikko Kan Shirin Tsabtace Birni



Birnin nan na Ikko a ƙasa-ƙasa yake, tsakanin teku da tafki. Ruwan sama in ya sauka ba shi da mafita sai ta lambatu, in leda ta toshe lambatu kuwa sai ya koma cikin ɗakuna. Wanda ya ga ambaliyar watan Yuli na 2011 ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Wannan shi ne tushen dokokin da Gwamnatin Jihar Legas take ta kafawa, kuma galibinsu a kan sana'o'inmu suke sauka.

A watan Janairu na 2024 aka hana farin mazubin nan mai kama da soso da ake sayar da abinci a ciki. Daga ranar 1 ga Yuli 2025 aka shiga tilasta dokar hana leda marar kauri, da kofuna da cokulan roba waɗanda ake jefarwa bayan amfani ɗaya. Ledar ruwan sha da gorar roba ba su shiga ciki ba. To, mai shayi da mai sayar da tumatir a Mile 12, ku sani da ku ake.

Ta fuskar sufuri, motocin BRT sun fara a 2008, jirgin ƙasa mai aiki da lantarki tsakanin Marina da Mile 2 ya fara ɗaukar fasinja a Satumba 2023. Madalla da wannan. Amma a Yuni 2022 an hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida, har da Ikeja da Apapa da Surulere, kuma kowa a nan ya san 'ya'yan wa suka fi rasa abin yi.

Inda na fi so ku ba ni hankalinku shi ne maganar shara. Shekara da shekaru 'yan gwangwan suna tsince ƙarfe da roba da kwali a jujin Olusosun da ke Ojota, suna kai wa masu narkawa. Wannan aiki shi ne ainihin abin da hukuma take kira sake sarrafa shara, tana kuma neman kamfanoni su zuba jari a cikinsa. Gwamnati ta bayyana niyyar rufe jujin, hukumar LAWMA kuwa ta daɗe da haramta kwasar shara a baro. Abin tsoron shi ne, ranar da sana'ar ta zama ta takarda da lasin, wanda ya san ta ciki da waje zai tsaya a bakin ƙofa, wani ya shiga.

Don haka ina roƙon sarakunanmu na Agege da Idi-Araba su tara masu wannan sana'a, a rubuta sunayensu, a kafa ƙungiya mai rajista, a je wa LAWMA da ita tun ba a gama raba kwangila ba.