Wa Zai Riƙe Mabuɗin Sabuwar Lakwal?

Jawabin da aka gabatar gaban taron ƴan kasuwa, ma'aikatan gwamnati da uwayen yara a birnin Maraɗi

  

Abin da ya tara jama'a yau shi ne batun sabuwar makarantar firamare, wadda talaka ya fi sani da lakwal. Idan an kafa ta a sabuwar unguwa, wa zai tafiyar da ita, kuma wa ke da hurumin zaɓen mai tafiyar da ita? Tambaya ce da ake yawan ɗagawa sai an gama gini, alhali kuwa kamata ya yi a warware ta tun kafin a aza bulo na farko.

Maraɗi ta isa misali. Tun da ambaliyar 1945 ta tashi tsohon gari daga bakin gulbi ta maido shi kan tudu, birnin bai daina faɗaɗa ba. Ƙidayar jama'a ta 2001 ta sami mutum wajen 148,000, ta 2012 kuwa ta sami sama da 267,000. Wato cikin shekara 11 gari ya kusa ninkawa. Inda ake yankan gero jiya, yau gidaje ne har bayan Zariya da Ali Ɗan Sofo. Haka abin yake a Damagaram da Tawa da Ƙonni. A irin waɗannan unguwanni gida ke riga makaranta zuwa. Idan yara suka yi yawa, sai uwaye su haɗa kara su kafa rumfa, wani alhaji ya ba da fili ko siminti, ma'aikatar magajin gari ta sa hannu, hukumar ilimi ta turo mushe ɗaya ko biyu. Hannu huɗu ke nan suka taru a kan makaranta guda, kuma kowane yana ganin tasa ce.

Mai bayar da fili yana son ɗan ƙanensa ya zama darakta. Mai unguwa yana ganin shugabancin uwayen yara gadonsa ne. Ɗan siyasa yana neman wurin da zai ajiye wanda ya yi masa hidima. Ma'aikacin ofis kuma, da ya tarar da wannan ja-in-ja, sai ya bi wanda ya fi ƙarfin murya. A nan ne ake shuka rigimar da za ta ci makarantar shekara da shekaru.

Tarihi ya riga ya gwada hanyoyi da dama, kuma ya kamata a duba abin da kowace ta haifar. Zamanin Nasara, kwamanda da sarki ke da lakwal, ana kama yara da ƙarfi, uwaye suna ɓoye su cikin rumbu. Bayan samun ƴancin kai a 1960 gwamnati ta gaji wannan iko baki ɗayansa: ita ke gini, ita ke naɗi, ita ke raba alli da littattafai. Talaka ya ɗauki makaranta kayan gwamnati, ko ƙofar aji ta karye ba ruwansa.

Taron ƙasa da aka yi daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991 ya buɗe bakin jama'a, amma aljihun gwamnati a bushe yake. Albashi ya riƙa makalewa wata da watanni, yajin aiki ya yi yawa, aka karya darajar kuɗin sefa da rabi a watan Janairu na 1994. A wannan zamani ne kalmar wasoso ta shiga bakin kowa, domin bayan zaɓen 1993 an riƙa rabon muƙamai tsakanin jam'iyyu kamar naman layya. Darasin waɗannan shekaru a fili yake: duk kujerar da aka bayar don katin jam'iyya, katin wata jam'iyyar zai karɓe ta, kuma yaron da ke ajin CI shi ke biyan kuɗin wannan sauyi.

Dokar tsarin ilimi ta 1 ga Yuni 1998, wadda ake kira LOSEN, ta amince da abin da ya riga ya tabbata a ƙasa, wato nauyin makaranta yana kan gwamnati da ƙananan hukumomi da uwaye gaba ɗaya. Daga nan aka kafa kwamitocin kula da makarantu, COGES, waɗanda daga baya aka sake wa suna CGDES. A ciki akwai darakta, da wakilin malamai, da wakilan uwaye, da wakiliyar ƙungiyar uwaye mata. Da farko yawancinsu suna ne kawai, domin a dandali ake naɗa su, kuma babu talakan da zai ɗaga hannu ya ƙi ɗan'uwan mai gari a gaban idonsa. A 2004 aka soma wani shiri a jahar Tawa tare da hukumar JICA ta ƙasar Japan, wanda ya ɗora komai a kan abu guda mai sauƙi: a zaɓi wakilan uwaye da ƙuri'ar asiri. Da aka kawo akwati da labule, sai ga mutanen da jama'a ta yarda da amanarsu sun fito, sai ga uwaye suna ba da kuɗi da ƙarfinsu, domin sun san hannun da zai riƙe. Daga baya aka yaɗa tsarin ko'ina cikin ƙasa.

Amma kwamiti ma yana da iyakarsa, kuma an auna ta. A shekarar karatu ta 2007 zuwa 2008 an ɗauki makarantu 1,000 a jahohin Tawa da Damagaram, aka ba kwamitocin 500 daga cikinsu tallafin kuɗi kai tsaye, aka bar sauran don a kwatanta. Masu binciken sun tarar uwaye sun ƙara himma, an gyara gine-gine, yaran ƙananan azuzuwa sun ƙara zama. Sai dai sakamakon jarrabawa bai motsa ba, fashin malamai ma ya ɗan ƙaru. Ma'anar wannan ita ce, uwaye suna iya tsare kuɗi da gini, amma uban da bai taɓa zama a aji ba ba shi da ƙarfin da zai sa mushe ya gyara koyarwarsa. Wannan aikin darakta ne da sufeton makarantu.

To, tunda haka ne, sabuwar makaranta tana da mabuɗi uku, kuma maslaharta ita ce kada su taru a aljihu ɗaya.

Mabuɗin farko na koyarwa ne, kuma na darakta ne. Hukumar ilimi ce ke naɗa shi, sufeto ke sa masa ido, haka ya kamata ya ci gaba. Abin da jama'a za ta nema shi ne a bayyana ma'aunin naɗin: shekarun da mutum ya yi riƙe da alli, matsayinsa a aiki, da shaidar inda ya baro. Sabuwar makaranta ta fi tsohuwa bukatar gogaggen darakta, domin yawancin waɗanda za a turo masa malaman kwantaragi ne sababbin hannu, shi zai zame musu jagora, sau da yawa kuma yana riƙe da aji nasa na kansa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, makaranta ma a shekararta ta farko take ɗaukar hali.

Mabuɗi na biyu na asusu ne, kuma na uwaye ne. A yi zaɓe da ƙuri'ar asiri, mata da maza, kowane mai ɗa a makarantar. A rubuta ayyukan shekara a gaban taro, a dawo gaban taron nan a karanta abin da ya shiga da abin da ya fita, da Hausa, dala bayan dala. Kada darakta ya riƙe kuɗin da kwamiti ya tara, kada kuma shugaban kwamiti ya shiga aji yana ba malami umurni.

Mabuɗi na uku na fili da gini ne, kuma na ƙaramar hukuma ne. An zaɓi kansiloli a faɗin ƙasa a watan Yuli na 2004, a 2016 kuma gwamnati ta miƙa wa ƙananan hukumomi ginin makarantun firamare da gyaransu, ko da yake kuɗin ba su bi ikon yadda ya kamata ba. A watan Afrilu na 2024 aka rusa majalisun, aka naɗa kantomomi. Ko kansila ne a kujerar ko kantoma, nauyin bai sauka ba: a yanke wa makaranta filinta da takarda, a kewaye shi, kafin masu sayar da fuloti su cinye wurin wasan yara. Rusa majalisun ma ya ƙara wa akwatin zaɓen uwaye daraja, domin yana cikin ƴan wuraren da talaka ke jefa ƙuri'a a kan abin da ya shafi gidansa.

Wanda ke ganin wannan rabon aiki maganar takarda ce kawai, ya tuna da 2021. Ranar 13 ga Afrilu wuta ta cinye azuzuwan kara a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara wajen 20 suka rasu. Ranar 8 ga Nuwamba irin wannan masifa ta auku a nan Maraɗi, ta tafi da yara sama da 20, ƴan shekara biyar zuwa shida. A lokacin hukumomi da kansu sun ce akwai azuzuwan kara 36,000 a ƙasa. Ajali na Allah ne, amma wanda zai duba tazarar rumfa da rumfa, da faɗin ƙofa, da mai soya abinci a gindin zana, dole a san sunansa tun ranar buɗe makaranta.

Saura kalma ga alhazai. Ƴan kasuwar wannan gari sun gina masallatai da azuzuwa ba adadi, kuma babu sabuwar unguwar da za ta tashi ba da hannunsu ba. Kyauta tana cika ne ranar da aka miƙa takardar fili aka janye hannu. Mai bayarwa yana da haƙƙin a gode masa, a nuna masa inda kuɗinsa suka shiga, har ya tsaya takara a kwamiti idan yana da ɗa a makarantar, ya jira hukuncin akwati kamar kowa. Wanda yake son ya naɗa darakta da bakinsa, doka ta buɗe masa ƙofar makaranta mai zaman kanta, ya nemi izini ya kafa tasa.

Ga ma'aikata kuwa, yawancinsu sun kai ƴaƴansu makarantun kuɗi, suka bar ta unguwa ga waɗanda ba su iya karanta takardar lissafi. Ma'aikaci guda da zai ba da yammacin Asabar ya koya wa ma'ajin kwamiti riƙe littafin kuɗi ya yi wa unguwarsa abin da buhun siminti ɗari ba zai yi ba. Wanda kuma alƙalamin naɗi ke hannunsa, ya san cewa sa hannu ɗaya yana yanke makomar yaran da za su yi shekara shida, daga CI zuwa CM2, ƙarƙashin mutumin da ya zaɓa.

Allah ya ba shugabanni ikon yin adalci, ya raya zuri'a, ya ba ƙasar Nijar lafiya da damina mai albarka.