Asibitin Koyarwa na Zariya da Bashin da Ke Wuyanmu



An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, amma ba ta soma horar da likitoci ba sai a 1967. A wancan lokaci ba ta da asibiti nata na kanta, sai aka jingina da asibitoci uku: na Tudun Wadan Zariya, da na Kaduna, da na Malumfashi. A 1976 Gwamnatin Tarayya ta karɓi ragamar asibitocin koyarwa, sa'an nan a 2005 aka tare a mazaunin dindindin da ke Shika.

Aikin irin wannan asibiti uku ne, watau jinya da koyarwa da bincike, kuma dukansu a kan majinyaci suka dogara. Ya ku ɗalibai, littafi ba ya koya wa hannu taɓa ciki, ko kunne sauraron ƙirji. Manomin da ya yarda kuka kewaye gadonsa, da matar da naƙuda ta yi wa gardama, su ne malamanku na farko. Wanda ya karɓi takardar shaida ya juya musu baya, ya ci bashi bai biya ba.

Ku kuma ma'aikata, ku sani cewa in ɗakin shan magani na ƙauye ya rasa magani da ungozoma, zazzaɓin da ya kamata a warkar a can shi ne zai cika gadajen Shika, mai ciwon daji ya rasa wurin kwanciya. Gyaran babban asibiti daga ƙauye yake farawa.

Allah ya ba mu ikon sauke nauyi.