Harshen Mota: Lambobin Ciwo da Fitilar Jakar Iska



Mai yiwuwa wani ya tambaya, ina ruwan malamin harshe da cikin mota? Amsa ita ce, motar yau tana magana, kuma duk abin da ke magana ya shigo gonarmu. A zamanin Peugeot 504, makaniki da kunne yake gane ciwon inji. Motar yanzu kuwa kwamfuta ke tafiyar da ita, in ta ji ciwo sai ta rubuta shi cikin lambobi, ta kunna fitila a gaban direba. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. To, waɗannan fitilu su ne fuskar mota.

Nahawun Lambobi

Tun daga 1996 doka ta tilasta wa ƙananan motocin da ake sayarwa a Amurka ɗaukar tsarin bincike da ake kira OBD-II. Turai ta bi sahu a 2001 ga motocin fetur. Tsarin yana da soket mai baki 16, galibi a ƙarƙashin sitiyari, kuma a nan ake jona na'ura idan aka ce za a sa wa mota kwamfuta.

Kowace lamba tana da harafi ɗaya da alƙaluma huɗu. Harafin shi ke faɗin sashen da ciwo yake: P na inji da giya ne, B na jikin mota, C na ƙafa da birki, U kuma na sadarwa tsakanin kwamfutocin motar. Alƙalamin farko in sifili ne, ma'anar lambar ɗaya ce a kowace mota. In ɗaya ne, to karin harshen kamfanin da ya ƙera ta ne, sai an duba littafinsa.

Alal misali, P0301 tana nufin silinda ta farko ba ta ƙona mai daidai. Amma a lura, ba ta ce a canza fulogi ba. Laifin yana iya zama na fulogi, ko kwayil, ko injekta, ko waya. Wato dai lamba koken majinyaci ce, ba hukuncin likita ba. Wanda ya kasa bambance waɗannan biyu, shi ne zai yi ta sayen kayan gyara ciwo na nan daram.

Fitilar Jakar Iska

Fitilar da ta fi kowace muhimmanci ga rai ita ce mai hoton mutum zaune da ƙwallo a gabansa, ko mai haruffan SRS. Ita ke ba da labarin jakar iska, wadda kan buɗe cikin ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ta tare kan mutum da ƙirjinsa a lokacin karo. Mataimakiyar bel ce, ba madadinsa ba.

Ga ƙa'idarta: in an murɗa makulli sai ta kama na 'yan daƙiƙoƙi, kwamfuta ta gama gwaji, sannan ta mutu. In ta ƙi mutuwa, akwai ciwo, kuma mai yiwuwa jakar ba za ta buɗe ba ranar buƙata. Sanadin yakan kasance soket na ƙarƙashin kujera ya saki, ko naɗaɗɗiyar wayar cikin sitiyari ta tsinke, wadda sau da yawa takan tafi da hon, ko batir ya yi sanyi, ko ruwa ya taɓa kwamfutar jakar, ko kuwa motar ta taɓa yin haɗari. Lambobinta yawanci da B suke farawa, kuma ƙananan na'urori masu araha na inji kaɗai suke karantawa.

Inda Gizo ke Saƙar

Akasarin motocin da muke hawa 'yan Kwatano ne, sun ci zamaninsu a wata ƙasa. Wadda ta yi haɗari a can, ana iya liƙe murfin sitiyarinta ba jaka a ciki, a cire ƙwan fitilar ko a rufe shi. Saboda haka fitilar da ba ta kama ba sam ta fi wadda ta ƙi mutuwa abin tsoro, domin ta biyun gaskiya take faɗi, ta farkon kuwa an toshe mata baki. Haka nan goge lamba ba tare da gyara ba, tamkar yage takardar asibiti ne a ce an warke.

Daɗin daɗawa, akwai ciwon da fitila ba ta gani. Kamfanin Takata na Japan ya yi amfani da wani sinadari mai lalacewa da zafi da laima, har tukunyar hura jakar takan tarwatse ta watsa ƙarfe. An yi kiranyen miliyoyin motoci, kamfanin kuma ya durƙushe a 2017. Mai mota yana iya bincika lambar jikin motarsa mai haruffa da alƙaluma 17 a shafin intanet na kamfanin da ya ƙera ta, ya ga ko tana ciki.

Kammalawa

Shawarata uku ce. Mai sayen mota ya murɗa makulli ya ga fitilar ta kama ta mutu kafin ya biya. Mai kai gyara ya nemi a rubuta masa lambar kafin a goge ta. Na uku, kada kowa ya taɓa wayoyi masu ruwan ɗorawa da kansa, domin na jakar iska ne, gwani ma sai ya cire batir ya dakata tukuna. Ku kuma ɗalibai, aikinku ne ku samar wa waɗannan abubuwa sunaye da bayani cikin Hausa, yadda direba da makaniki za su fahimci juna. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

 Allah ya kiyaye hanya.