Tayarod: Ƙaramin Ƙarfe Mai Riƙe da Rayuka

 

Garin Keffi mahaɗa ce. Hanyar Abuja da ta Akwanga da ta Nasarawa duk nan suke haɗuwa, kuma da yawa daga cikin motocin da suke ɗaukar mutane da kayan gona a kansu sun kwana biyu. Har yanzu akan ga Peugeot 504, wadda aka daɗe ana harhaɗa irinta a Kaduna, a masana'antar da ta fara aiki a 1975. Tsufan mota ba laifi ba ne. Abin da yake laifi shi ne a bar ƙarfen da ya cinye ya ci gaba da ɗaukar rayukan bayin Allah. Saboda haka maganarmu ta yau a kan ƙarfe guda ce, watau sandar sitiyari, wadda kanikawa suke kira tayarod.

Mene ne aikinta? Idan direba ya murza sitiyari, wannan sanda ce take tura tayar gaba ko ta jawo ta, dama ko hagu. Kowace tayar gaba tana da tata. A bakin sandar akwai wani dunƙulen ƙarfe mai juyawa cikin gurbinsa, kamar yadda ƙashin kafaɗa yake juyawa, an cika shi da giris, an rufe da roba. Ranar da robar nan ta yage, ƙurar hunturu da ruwan damina sai su shiga, giris ya lalace, ƙarfe ya dinga cin ƙarfe. Ramukan hanya da lodi fiye da kima su ne suke ƙarasa ɓarnar.

Galibi tayarod ba ta tsinkewa sai ta yi gargaɗi. Alama ta farko, sitiyari ya yi wasa, a murza shi kaɗan amma taya ba ta motsa ba. Ta biyu, a riƙa jin ƙwanƙwasa daga gaba in an shiga gargada ko kwana. Ta uku, mota ta riƙa yawo a kan titi, direba yana ta faman gyara mata hanya. Ta huɗu, tayar gaba ta cinye ta gefe guda. Gwajin kuwa ba shi da wuya. A ɗaga gaban motar, a tokare ta sosai, a kama tayar ta gefen dama da na hagu, a girgiza. In an ji tana kwaɗ-kwaɗ, to, a nemi bakanike ya duba tun kafin a sake ɗaukar fasinja.

Me ya sa muke matsawa haka? Domin idan dunƙulen nan ya fita daga gurbinsa mota tana tafe, tayar ta rabu da sitiyari ke nan, ta juya inda ta ga dama. Motar da take gudun kilomita 80 a awa tana cin kimanin mita 22 a daƙiƙa guda. Kafin ƙafa ta kai kan birki, aikin gama ya gama.

Yanzu sai maganar gyara. Ya ku kanikawa, kan tayarod da ya cinye ba shi da magani sai canji. Dukansa da guduma don ya matse, ko cusa masa roba, ko yi masa walda, ɓoye ciwo ne kawai. Ƙarar za ta ɗauke, haɗarin kuwa yana nan daram. Ga yadda ya kamata aikin ya kasance. Kada a shiga ƙarƙashin mota alhali jak kaɗai ke riƙe da ita. A sassauta notin da yake kulle kan sandar, a cire 'yar kusar da take tare babban noti in akwai ta, sannan a raba kan da hannun taya. Yayin da ake warware tsohon, a ƙirga zagaye nawa ya yi kafin ya fita. A gwada tsawon sabon da na tsohon, a ɗaura shi da adadin zagayen nan, a ɗaure notuna gwargwadon ƙa'idar kamfanin da ya ƙera motar, a sa sabuwar kusa. A duba ɗaya gefen kuma, gama tare suka sha wahalar hanya. Daga nan sai a kai motar wurin masu alaimen, domin ƙirgar zagaye kusantarwa kawai take yi. Wanda ya tsallake alaimen, kuɗin da ya tsimi zai biya su ninki a wurin mai taya.

Ku kuma masu motoci, ku tuna araha ba ta ado. Kan tayarod na hannu wanda robarsa ta tsage, ko jabu marar suna, ba rangwame ba ne. Ku nemi sabo, ku karɓi rasit, ku ce a nuna muku tsohon da aka cire.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, da jami'an duba lafiyar motoci na jihohi, suna da ikon tsayar da motar da ba ta da lafiyar hawa titi. Amma jami'i ba ya kwana a garejinka, kuma ba shi ne yake jin wasan sitiyari a tafin hannunsa ba. Direba ne yake fara ji. Amanar fasinja tana wuyansa, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Ina roƙon shugabannin tasha su sa wannan gwaji cikin abin da ake dubawa kafin mota ta shiga layi. Wanda ya ji kuma ya sanar da wanda bai ji ba.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gidansa lafiya.